Idan Sabon Shiri Ya Yanke: Nasiha ga Ƙannena Masu Kallo



Ranar Talata, 2 ga Mayu, 2023, marubutan fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Amurka, su kimanin 11,500, suka ajiye alƙalumansu suka shiga yajin aiki. A daren nan shirye-shiryen hira da barkwanci da Amurkawa suka saba kallo kafin su kwanta, irin na Jimmy Fallon da Stephen Colbert da Jimmy Kimmel, suka koma maimaici, don babu mai rubuta wa masu gabatarwar abin da za su faɗa. Ranar 14 ga Yuli 'yan wasa suka bi sahu, ƙungiyarsu mai mambobi kusan 160,000 ta ce ko kyamara kada wani ya tsaya gabanta. Rabon da ƙungiyoyin nan biyu su yi yaji a lokaci guda tun 1960, sa'ad da Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, yake jagorantar 'yan wasa. Marubutan sun yi kwana 148 kafin su koma ranar 27 ga Satumba. 'Yan wasan sun yi kwana 118, sai 9 ga Nuwamba aka sasanta.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mu da rigimar Hollywood? Da abin da ya haɗa mu. Ku tambayi yayyenku da suka yi tashe a zamanin faifan DVD, lokacin da ba a rasa jin sunan Jack Bauer da Michael Scofield a majalisar samari. Shirin Prison Break ya saba zuwa da kashi 22 a kowane zango, amma zango na uku, wanda aka kai Scofield gidan yarin Sona a Panama, ya tsaya a kashi 13. Shirin 24 na Jack Bauer kuwa zangonsa na bakwai da aka sa ran fitowarsa a Janairun 2008 bai fito ba sai Janairun 2009. Masu kallo a Kano da Maraɗi sun jira shekara guda, da yawa ba su ma san dalili ba. Dalilin shi ne wani yajin marubutan da aka yi daga 5 ga Nuwamba, 2007 zuwa 12 ga Fabrairu, 2008, kwana 100 cif. Abin da ke zuwa allon wayarku yau ma daga wannan rijiyar ake ɗebo kaso mai yawa nasa, kuma dabarun da ake riƙe mai kallo da su a can, su ne masu shirya namu suke koya.

Abin da nake so in faɗa muku shi ne akwai alheri ga mai kallo idan sabon shiri ya yanke. Amma kafin in faɗa, sai in cire wa kaina nauyi. Yajin aiki ba biki ba ne. Mutanen da suka tsaya a ƙofar kamfanoni cikin zafin Los Angeles ɗauke da kwalaye sun yi wata biyar babu albashi. Kuma ba su kaɗai abin ya taɓa ba: masu ɗaukar hoto, masu haɗa wuta, kafintoci, teloli, masu kwalliya, direbobi, masu dafa wa ma'aikata abinci, duk suka zauna a gida, alhali ba su ne suka kira yajin ba. Kada kyalkyalin taurari ya ruɗe ku. Kafin ɗan wasa ya samu inshorar lafiya ta ƙungiyarsu a lokacin, sai ya samu dala 26,470 a shekara daga sana'ar, kuma mafi yawan mambobin ba sa kai wannan. Har sai da mai barkwanci Drew Carey ya ɗauki nauyin abincin duk marubucin da ya shiga wasu gidajen cin abinci biyu a yankin Los Angeles ya nuna katin ƙungiya. Cibiyar Milken ta ƙiyasta cewa yajin 2007 zuwa 2008 ya jawo wa jihar Kalifoniya asarar dala biliyan 2.1. Don haka ba murna nake yi da yunwar wani ba. Ina dai cewa tunda abin ya faru, kuma zai iya sake faruwa, mai hankali ya tsaya ya ga abin da ya bayyana.

Abu na farko da ya bayyana shi ne marubuci. Mu masu kallo ɗan wasa muke gani, shi muke so, sunansa muke kira. Wanda ya zauna ya ƙaga maganar da ta sa mu dariya ko hawaye, sunansa kan wuce a cikin jerin sunayen ƙarshe da muke tsallakewa. Da alƙalami ya tsaya sai kowa ya gane waye ke riƙe da gidan. A Janairun 2008 bikin ba da kyaututtuka na Golden Globe ya rushe, saboda 'yan wasa sun ce ba za su tsallake layin marubuta su shiga zauren ba, sai dai aka karanta sunayen waɗanda suka yi nasara a taron manema labarai. Fim ɗin James Bond mai suna Quantum of Solace an fara ɗaukarsa ba tare da an kammala rubutunsa ba. Daniel Craig, wanda ya fito a matsayin Bond, ya bayyana daga baya cewa shi da daraktan, Marc Forster, su suka riƙa gyara wasu sassan da kansu, kuma bai ɓoye ba cewa shi ba marubuci ba ne. Akwai kuɗi, akwai jirage da motoci da fashe-fashe, akwai tauraro, amma masu kallo da yawa sun fito suna cewa labarin bai zauna ba.

Me marubutan suke nema? A 2007 maganar faifai ce da intanet. A kan kowane faifan DVD da aka sayar, abin da ke zuwa ga marubuta kimanin santi 4 ne, suka nemi a ninka shi zuwa 8, sannan suka dage sai an ba su kaso a abin da ake nunawa ta intanet, wanda a lokacin kamfanonin ke cewa sabon abu ne, ba a san ko zai kawo riba ba. A 2023 wannan intanet ɗin ya riga ya zama kasuwar gaba ɗaya. A da, idan tashar talabijin ta maimaita shiri, marubuci na samun ladan maimaici, kuma da shi yake rayuwa tsakanin wannan aiki da wancan. Da kallo ya koma Netflix da Disney+ da Amazon, sai ladan ya ragu, kuma a lokacin kamfanonin ba sa bayyana yawan waɗanda suka kalli shiri, balle marubuci ya san ƙimar aikinsa. Zango da ke da kashi 22 ya koma 8 ko 10, ana ɗaukar marubuta kaɗan na 'yan makonni a sallame su. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta kunno kai: marubuta na tsoron a sa kwamfuta ta zubo labari a ba su gyara da araha, 'yan wasa na tsoron a kwafi fuskarsu da muryarsu sau ɗaya a yi ta amfani da su har abada. A yarjejeniyar da aka cimma, an amince cewa ba za a ɗauki abin da kwamfuta ta zubo a matsayin rubutun marubuci ba, ba kuma za a tilasta wa marubuci aiki da ita ba, sannan ba za a yi amfani da kwafin ɗan wasa ba sai da izininsa da biyansa.

Ku riƙe wannan, domin yana aiki a gida. Idan kuna kallon Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a Arewa24, ko Labarina, ko Izzar So a YouTube, akwai wanda ya hana idonsa barci ya rubuta. Ku koyi duba sunansa. Wanda ya san akwai ɗan Adam a bayan labari, sai ya yi tunani sau biyu kafin ya tura wa abokai fim ɗin da aka sato ranar da ya fito. Kuma duk wanda a cikinku Allah ya ba shi baiwar tsara labari, ya sani tun yanzu cewa sana'a ce mai hakki, kada ya bayar da guminsa a kan alkawarin za a sa sunansa kawai.

Abu na biyu ya fi na farko kusa da ku, shi ne lokaci. Kamfanin FX na Amurka ya riƙa ƙidaya shirye-shirye masu dogon zango da ake rubutawa a ƙasar kowace shekara. A 2022 adadin ya kai kusan 600, a 2023 ya sauka zuwa 516. Ku dubi 600 ɗin nan. Da a ce kowanne kashi 10 ne mai tsawon minti 45, jimilla awa 4,500 ke nan, wato mutum ya zauna fiye da wata shida ba barci ba salla ba cin abinci kafin ya gama na shekara ɗaya, na ƙasa ɗaya. Ba a yi wannan yawan don wani ya gama ba. An yi shi ne don kada ka taɓa kaiwa ƙarshe ka daina biyan kuɗin wata. A Fabrairun 2013 Netflix ya saki zangon farko na House of Cards gaba ɗaya a rana ɗaya, maimakon kashi ɗaya a mako, kuma manhajar da kanta take kunna kashi na gaba bayan 'yan daƙiƙu, tun kafin ka yanke shawarar tashi. A 2017 shugaban kamfanin na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci na cikin abokan takararsu. Ban ga laifinsa a faɗin gaskiyar kasuwancinsa ba. Abin da nake so shi ne ku ji ta da kyau: barcinku ake takara da shi.

Riƙe mutum da labari ba sabon abu ba ne a wajenmu. A littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, aku ne ke tsare Musa ɗan sarki kowane dare. Duk sa'ad da Musa ya shirya zai fita, sai aku ya kawo wani labari, ya ja shi har gari ya waye, fita ta fasu. Imam ya san ƙarfin abin da yake hannunsa: labari mai daɗi na iya zaunar da saurayi mai jini a jika ya mance abin da ya tashi yi. Sai dai aku ya riƙe Musa ne don ya tsare shi daga makircin Waziri. Wanda ke riƙe da ku a yau ba tsare ku yake daga komai ba, kuɗin wata da na talla yake nema, kuma ba ya gajiya, ba ya jiran dare. Kakanninmu ma da suke yi mana tatsuniya sun sa mata iyaka. Da dare ake yin ta bayan an gama aiki, ana ce wa yara wanda ya yi ta da rana zai ɓata, kuma kowace tatsuniya tana da ƙarshe, a rufe ta, kowa ya je ya kwanta. Mutanen nan ba su ƙi labari ba, sun fi mu iya shi. Sun dai san cewa daɗin da ba a sa masa ƙofa ba, aiki yake ci.

Ku yi lissafi da kanku. Zango ɗaya na 24, idan aka cire talla, ya kai awa 17. Saurayin da ya gama shi a kwana uku, daga ina ya samo awoyin? Bai rage su daga iska ba. Daga barci ya ɗebo, daga bitar karatu, daga zaman da zai yi da mahaifiyarsa, kuma sau da yawa daga sallar asuba. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga matashi ɗan shekara 13 zuwa 18, babba kuwa aƙalla awa 7. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu na dare yana da lacca ƙarfe takwas, jikinsa ne kawai a aji. Wannan bashi ne da ba a jin nauyinsa a ranar da aka ci shi, sai a ƙarshen zangon karatu, ko ranar da maigida a shago ya ce hankalinka ba ya wurin. Idan yaji ya tsayar da shirin da kake bi, babu kashi na gaba da ke jiranka, sai ka ga dare ya dawo da tsawonsa. Mutane da yawa a lokacin ne kaɗai suke gane girman abin da suke bayarwa.

Akwai wani abu da ya faru a daminar 2023 da ya kamata ku sani. Ana tsakiyar yajin, sai wani tsohon shiri na lauyoyi mai suna Suits, wanda aka fara a 2011 aka gama a 2019, ya shiga Netflix a Amurka. Kamfanin Nielsen mai auna kallo ya ce a wannan shekarar an kalle shi na minti biliyan 57.7, ya zarce kowane shiri, sabo da tsoho. Tashar CBS ma ta cike gurbin daren Lahadi da Yellowstone, shirin da aka fara tun 2018 a wata tashar, kuma miliyoyi suka zauna suka kalla. Wannan ya nuna cewa ɗokin sabo da ake cusa mana ba shi ne ma'aunin daɗi ba. Shirin da ya yi shekara goma yana nan da ɗanɗanonsa ga wanda bai gani ba. Yawancin gaggawar da kuke yi ta kallon abu ranar da ya fito ba don labarin ba ce, don kada a bar ku a baya a hira ne. Idan babu sabo, wannan tsoron ya faɗi, sai mutum ya zaɓi abu don yana da kyau. Shekaru sun riga sun tace masa: abin da har yanzu ake maganarsa bayan shekara ashirin, da dalili.

To amma a nan ne zan ja kunnenku, domin labarin Suits yana da fuska biyu. Minti biliyan 57.7 idan aka mayar da su shekaru sun haura 100,000. Wato da sabon shiri ya yanke, Amurkawa ba su kashe talabijin sun fita ziyarar dangi ba, sun dai sauya abin kallo. A Yulin 2023 Nielsen ya nuna cewa a karon farko tashoshin gargajiya, na iska da na kebul, sun faɗi ƙasa da rabin duk kallon da ake yi a talabijin, kallo ta intanet yana ta hawa. A 2008 ma haka aka yi: tashoshi suka cike gurbi da gasanni da shirye-shiryen bin rayuwar mutane da kyamara, waɗanda ba sa buƙatar marubutan ƙungiya, har CBS ta kawo Big Brother a watan Fabrairu, shirin da ta saba nunawa da bazara. Kamfani ba ya barin gurbi. Don haka alherin da nake magana a kai ba ya sauka da kansa. Yaji buɗe ƙofa kawai yake yi na ɗan lokaci, fita kuwa sai wanda ya tashi. Mai barin shiri mai labari ya koma jan TikTok da yatsa har asuba, wallahi ya fi asara, domin shi ko labarin ma bai samu ba.

Ku da kuke Najeriya ba sai an fassara muku wannan ba. Yajin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Zalunci ne ga ɗalibi a riƙe masa rayuwa haka, ban da ja a kan wannan. Amma ku dubi abokanku da idon basira. Wata takwas ɗin nan ɗaya ne ga kowa. Wani ya fito da ɗinki a hannunsa, wata ta haddace izu goma, wani ya koyi gyaran waya ko haɗa sola, wani ya bi kawunsa kasuwa ya san kan ciniki. Wani kuma da aka koma, abin da zai iya lissafawa shi ne zanguna nawa ya gama. Yajin Hollywood ya ɗauke abin kallo ya bar lokaci, namu ya ɗauke karatu ya bar lokaci, amma tambayar da ke jiran matashi a ƙarshe iri ɗaya ce.

Akwai kuma ribar jira, wadda na ga tana neman ɓacewa. Lokacin da shiri ke zuwa sau ɗaya a mako, kwana shidan da ke tsakani ba asara ba ne. A cikinsu ake muhawara: me ya sa wance ta yi haka, anya wane zai tsira, kai da kai ne ya za ka yi? Wannan gardamar ita ce ke kaifafa tunani, ita ke mayar da kallo abin da ake yi tare. Wanda ya haɗiye kashi goma a dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, da na'urar sauraro a kunne, bayan wata guda ku tambaye shi abin da ya faru a kashi na huɗu, ku gani. Jira yana koya wa zuciya cewa ba duk abin da take so ne take samu nan take ba, kuma wannan darasin za ku buƙace shi a aure, a neman aiki, a kasuwanci, a jinya. Wanda bai iya jiran mako guda don shiri ba, da wuya ya iya jiran shekara uku don sana'a ta kankama.

Ba ina cewa ku daina kallo ba ne. Ni mai son labari ne, kuma na yarda shiri mai kyau na iya nuna wa yaro ƙasashe da halayen mutane da ba zai taɓa gani da ƙafarsa ba. Abin da nake roƙo shi ne ku zama masu zaɓa. Kafin ka kunna, ka yanke kashi nawa za ka kalla, kuma ka shiga saitin manhajar ka kashe kunna na gaba da take yi da kanta, akwai wurin yin haka a Netflix da YouTube duka. Idan ka san ba ka iya tsayawa a ƙarshen kashi, saboda nan ne ake ɗana tarkon, to ka tsaya a tsakiyarsa inda labari ya lafa, ka ɗora gobe. Kada waya ta kwana a kan katifarka. Abin da za ka ji kunyar kallonsa a gaban ƙanwarka, ka tambayi kanka dalilin da ya sa kake kallonsa a ɓoye. Kuma shirin da ya daina yi maka daɗi tun zango na biyu, ba a ɗaura maka aure da shi ba, ka bar shi. Mutane da yawa suna ƙarasa shiri ne don kawai sun fara, suna ƙara asara a kan asara.

Lokacin da kuka ƙwato kuwa, ku sa masa suna tun kafin ya zo, in ba haka ba waya za ta sake cinye shi. Kowa ya san inda bashinsa yake. Wani karatun Alƙur'ani ne da ya tsaya tun yana aji uku. Wata littafi ne da ta saya bara bai wuce shafi na goma ba. Wani kakarsa ce da ke unguwa ɗaya da shi amma sai da salla yake gaishe ta, alhali a bakinta akwai tarihin gidansu da babu shi a kowace manhaja, kuma ranar da ta tafi ya tafi da ita. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, don shiri yana nan a ajiye, ko bayan shekara goma za ku same shi yadda yake, kamar dai yadda Amurkawa suka samu Suits. Tsoho ba ya jira.

Ga masu sha'awar harkar kuma, ku lura da abin da wasu marubutan suka yi da hannunsu a lokacin da aka rufe musu ƙofa. A yajin 2007 zuwa 2008, Joss Whedon da 'yan'uwansa suka rubuta wani ɗan gajeren shiri, suka ɗauke shi da kuɗin aljihu, suka sake shi kai tsaye a intanet a Yulin 2008 ba tare da wata tasha ba. A 2023 masu gabatar da shirye-shiryen dare su biyar, waɗanda a da kishiyoyin juna ne, suka haɗu suka yi shirin murya a intanet, kuɗin da aka samu aka ba ma'aikatansu da ke zaune. Wayar da ke hannunku ta fi ƙarfin kyamarorin da aka fara fim ɗin Hausa da su a Kano a farkon shekarun 1990. Awa 17 da za ta tafi a zango ɗaya ta isa mutum ya rubuta gajeren labari, ya gyara shi, ya karanta wa abokai su faɗa masa inda ya yi sanyi. Na farko ba zai yi kyau ba, haka kowa ya fara. Amma wanda ya taɓa gwada rubuta hira tsakanin mutum biyu ba zai sake kallon fim da ido ɗaya da na da ba, kuma ba za a ƙara sayar masa da shirme cikin sauƙi ba.

Hollywood ta koma aiki tun ƙarshen 2023, shirye-shirye sun dawo, kuma babu kamfanin da zai sake ba ku hutu da son ransa. Saboda haka kada ku jira sai wasu sun yi yaji a wata ƙasa. Ku zaɓi wata guda a wannan shekarar, ku ce a cikinsa ba za ku fara sabon shiri ba. Ku gaya wa aboki ɗaya ko 'yar'uwa ɗaya don ta riƙa tambayarku, ku rubuta a takarda abin da za ku yi da daren, ku liƙa inda za ku gani. Idan watan ya ƙare ku koma kallonku, amma ku koma kuna sane da nawa yake ci muku. Allah ya yi wa lokacinku albarka, ya raya ku a kan abin da zai amfane ku da iyayenku.